Sammacin juri ya same ka kana tsakiyar karatu: yadda ake ɗage shi ko neman uzuri a Amurka da Ingila

Wata Asabar cikin watan Nuwamba ɗan yayata ya kira ni daga makarantarsu a Amurka. A can aka haife shi lokacin da iyayensa ke karatu, don haka ɗan ƙasa ne, yanzu kuma yana aji biyu a jami'a. Mun gaisa, mun yi hirar gida, har zan ajiye waya sai ya ce, "Kawu, akwai wata takarda da kotu ta aiko mini, amma ai ba da ni suke ba, tunda ni ɗalibi ne." Na ce ya ɗauko ya karanta mini. Da ƙyar ya zaro ta daga ƙarƙashin littattafai, ambulan ɗin har da shatin kofin shayi a jiki. Sati biyu ke nan da zuwanta. Ranar da aka sa masa ta faɗo daidai makon jarrabawar ƙarshen zango, kuma kwana huɗu kacal suka rage wa'adin amsawa ya cika.

Abin da na gaya masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, domin na ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna wannan kuskure. Zama ɗalibi ba ya goge sunanka daga jerin waɗanda kotu ke kira zaman juri, wato taimaka wa alƙali yanke hukunci. A wasu wurare doka ta ba ka damar a yafe maka, a mafi yawan wurare sai dai a ɗage maka zuwa hutu, amma ko'ina kake sai ka buɗe baki ka nema, kuma da wuri.

Ga wanda ya tashi a Kano abin baƙo ne, tunda a kotunanmu alƙali ne ke sauraron shari'a ya yanke hukunci. A Amurka da Ingila kuwa akan zaɓo mutanen gari, yawanci 12 a shari'ar laifi, su zauna su saurari shaidu, su ce an aikata ko ba a aikata ba, sannan alƙali ya ɗora daga nan. Su ake kira juri, ko masu taimaka wa alƙali yanke hukunci. Ba aikin sa-kai ba ne. Takardar da ake aiko maka sammaci ce ta kotu, da duk nauyin da kalmar ke ɗauke da shi.

Mataki na farko: karanta takardar a ranar da ta zo

Zauna da biro ka ja layi ƙarƙashin abubuwa huɗu. Wace kotu ce ta aiko, ta tarayya ko ta jiha? Wace rana ake son ka bayyana? Yaushe ne wa'adin mayar da amsa? Mece ce lambarka ta juri, wadda ake bugawa kusa da sunanka? Da wannan lamba za ka shiga shafin kotun a intanet, da ita kuma akawu zai nemo ka in ka buga waya.

Bambancin kotun tarayya da ta jiha ba ƙaramin abu ba ne, domin dokokinsu daban suke. Kotunan tarayya na gundumomi 94 suna aiki da dokar zaɓen juri ta 1968, kowace gunduma kuma tana da nata tsarin karɓar uzuri. Kotun jiha tana bin dokar jiharta, wani lokaci ma tsari yakan sha bamban daga wannan gunduma zuwa waccan a cikin jiha guda. Saboda haka abin da abokin ɗakinka ya yi bara a jiharsu ba hujja ba ce a gare ka.

Duba kuma ko takardar sammaci ce ko takardar tambayoyi. Kotun tarayya takan fara aiko fom na tantance cancanta, wanda ake so a cike a mayar cikin kwana 10. Wannan ba kira ba ne tukuna, amma cike shi wajibi ne. Sannan ka duba wane irin juri ne. Ƙaramin juri shari'a ɗaya yake saurara a sallame shi. Babban juri na tarayya, mai mutum 16 zuwa 23, wanda ke duba ko akwai hujjar gurfanar da mutum, yana iya ɗaukar wata 18 ana zama lokaci-lokaci. Ɗalibin da aka kira zuwa wannan yana da hujja mai ƙarfi sosai ta neman a ɗaga masa ƙafa, kuma ya kamata ya faɗi haka ƙarara.

Mataki na biyu: ka ma cancanci zama kuwa?

A nan zan daɗe, domin a nan ne mutanenmu suka fi shiga haɗari. A kotun tarayya da kusan duk jihohin Amurka ɗan ƙasa kaɗai ke zaman juri. Sai ya kai shekara 18, yana jin Turanci yadda zai iya cike fom ya bi shari'a, kuma a kotun tarayya sai ya shekara ɗaya yana zaune a gundumar. In da bizar karatu ka zo, ko kana da katin zama na dindindin amma ba ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, a kusan duk kotunan ba ka cancanta ba.

To me ya sa sammaci ya zo maka? Domin kotuna da yawa suna ɗebo sunaye daga rajistar masu lasisin tuƙi da katin shaida na jiha, ba daga rajistar masu zaɓe kaɗai ba. Ka je ka yi lasisi don ka riƙa tuƙa mota zuwa makaranta, kwamfuta ta zaro sunanka. Babu laifin da ka yi. Amma kar ka ce tunda ba ka cancanta ba sai ka jefa takardar a kwandon shara. Kotu ba ta san matsayinka ba sai ka sanar da ita. Ka cike fom ɗin, ka zaɓi gurbin da ke cewa kai ba ɗan ƙasa ba ne, in an nemi shaida ka haɗa da kwafin shafin fasfo da biza ko katin zamanka. Kwafi, ba ainihin takardar ba. Ka ajiye naka kwafin na duk abin da ka aika.

Don Allah ka natsu wajen tambayar nan ta ɗan ƙasa. Kar gaggawa ta sa ka danna "e" a waya kana tafiya zuwa aji. Tun 1996 dokar shige da fice ta Amurka ta ɗauki iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya a matsayin laifin da kan iya sa a kori mutum a kuma rufe masa ƙofa har abada. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko ka taɓa cewa kai ɗan Amurka ne, ko ka taɓa yin rajistar zaɓe. Kuskuren daƙiƙa biyu zai iya biyo ka bayan shekara goma. In ka riga ka danna ba daidai ba, ka rubuta wa ofishin juri nan take ka gyara, ka kuma ga lauyan shige da fice.

Akwai wani abu da nake roƙon duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya bincika in sammaci ya zo masa. Tun dokar 1993, ofisoshin lasisin tuƙi suna miƙa wa mutane damar yin rajistar zaɓe a wuri guda. Yakan faru baƙo ya sa hannu a fom bai lura da abin da ya amince da shi ba. Ka shiga shafin hukumar zaɓen jiharka ka duba ko sunanka na ciki. In yana ciki, kar ka yi zaɓe, kar kuma ka yi gaban kanka. Ka fara zuwa ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na makarantarku, su haɗa ka da lauya, a cire sunan ta hanyar da ta dace.

Sai maganar mazauni, ga waɗanda suke 'yan ƙasa. Sau da yawa sammaci gidan iyaye yake zuwa, alhali yaro yana wata jiha yana karatu. In har yanzu gidan iyayenka ne adireshinka na dindindin, can lasisinka yake, can kake zaɓe, to kotun can tana da iko da kai, abin da za ka nema shi ne a ɗage zuwa lokacin da za ka dawo hutu. In kuwa ka tare gaba ɗaya a inda kake karatu, sai ka shaida musu ka bar gundumar, da shaidar takardar haya ko sabon lasisi. Amma ka auna maganarka. Kar ka rantse wa kotu cewa ka bar jiha, alhali kana biyan rangwamen kuɗin makaranta na 'yan jihar, ko kana karɓar tallafinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma fom ɗin nan a ƙarƙashin rantsuwa ake sa masa hannu.

Mataki na uku: me dokar wurinka ta ce game da ɗalibi?

Jihohi sun rabu. A Teksas doka ta ba ɗalibin sakandare da wanda ya yi rajista kuma yake halartar babbar makaranta damar neman a yafe masa. Dama ce, ba a yi maka kai-tsaye, sai ka zaɓi gurbin a kan takardar ka sa hannu ka mayar. A Jojiya cikakken ɗalibin jami'a ko makarantar koyon sana'a da ke halartar aji, in ya nema, za a yafe masa ko a ɗage. A Filorida cikakken ɗalibi mai shekara 18 zuwa 21 yana iya neman a yafe masa, wato ɗan digiri na biyu mai shekara 27 ba ya ciki.

A Kalifoniya babu gurbin ɗalibi, abin da ake bayarwa shi ne ɗagewa sau ɗaya. A Niyok ma haka: ana ɗage maka sau ɗaya ta waya ko intanet, in ka nema aƙalla mako ɗaya kafin ranar, ka zaɓi wata rana tsakanin wata 2 zuwa 6 masu zuwa. Masacuset, jihar da Bostan take, mai cike da jami'o'i, ita ta fi tsanani a kan ɗalibai. Ɗan ƙasar da ke zama a jihar fiye da rabin shekara ana iya kiransa, ko da daga wata jiha ya zo karatu. Sai dai kuma ta fi sauƙi wajen ɗagewa, domin kana iya matsar da ranar har zuwa shekara ɗaya.

A kotun tarayya doka ba ta ware ɗalibi ba. Waɗanda ta keɓe su ne sojoji masu bakin aiki, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da masu riƙe da muƙaman gwamnati. Ɗalibi yana shiga ne ta ƙofar "wahala mai tsanani ko matsi da ya wuce kima", wadda ke ba kotu ikon ɗage wa mutum na wani lokaci.

Mataki na huɗu: ɗagewa za ka nema ko yafewa?

Ra'ayina a nan a fili yake. In dokar jiharka ba ta ambaci ɗalibi da suna ba, nemi ɗagewa. Akawun kotu yana iya ba ka ita a minti biyar ba tare da ya tambayi kowa ba, a wurare da yawa ma kwamfuta ce ke amincewa. Yafewa kuwa takan bukaci alƙali ya duba, a nemi takardu, kuma ana yawan ƙi. Wanda ya ce "ku cire ni" yana jayayya da kotu. Wanda ya ce "zan zo ranar kaza" ya riga ya sauƙaƙa mata aiki.

Kuma zan faɗi abin da ke raina. Mutanenmu suna tsayawa gaban kotunan nan a matsayin waɗanda ake tuhuma, ko masu ƙara, ko shaidu, wasu da hausar baki a Turancinsu, wasu da hijabi, wasu da sunan da akawu ba ya iya furtawa. Yana da amfani a samu irinmu a cikin mutum 12 ɗin nan. Yaron da ke da dogon hutun bazara ba shi da dalilin gudun wannan aiki. Jarrabawa ce kawai bai kamata ta salwanta ba.

Zaɓen sabuwar rana shi ne inda ake yin kuskure na biyu, domin yawanci dama ɗaya ce. Ka buɗe kalandar makaranta ta shekara gaba ɗaya kafin ka zaɓa. Kar ka ɗauki hutun mako ɗaya na tsakiyar zango, domin in aka zaɓe ka a shari'ar da za ta ci kwana takwas ka koma gidan jiya. Ka ɗauki farkon dogon hutu, ba ƙarshensa ba. Ka tuna da aikin gwaji da za ka yi a kamfani, da tikitin zuwa gida ganin dangi, da azumi, da Sallah ƙarama da babba, waɗanda ke matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. In kana cikin masu karatun likita ko jinya, ka duba jadawalin zagayen asibiti, tunda su hutunsu ba ya bin na sauran.

Mataki na biyar: tara shaidu, rubuta buƙata

Abu uku sun ishe ka. Takardar shaidar rajista daga ofishin rajistara, mai nuna kai cikakken ɗalibi ne a wannan zango da ranakun farawa da ƙarewa. A makarantu da yawa kana iya saukar da ita da kanka daga shafin ɗalibai. Sai jadawalin darussa. Sai jadawalin jarrabawa, ko shafin manhajar kwas da ke nuna ranar. Katin shaidar ɗalibi shi kaɗai ba ya gamsarwa, domin ba ya nuna ka yi rajista a bana.

In akwai abin da ya wuce rashin halartar aji, ka nemo shaidarsa. Misali, tallafin karatun da sharaɗinsa shi ne kar makinka ya sauka, ko kwas ɗin ɗakin gwaje-gwaje da ba a maimaitawa sai baɗi, ko ranar kare kundin digiri da aka riga aka gayyato malamai daga waje. Layi uku daga shugaban sashe, a kan takarda mai tambarin makaranta, sun fi shafi biyu na roƙo.

Buƙatar kanta, ko a fom na intanet ko a wasiƙa, ta zama gajera. Da Turanci za ka rubuta, amma ga abin da za ta ƙunsa: sunanka kamar yadda yake a sammaci, lambar juri, da ranar da aka sa maka. Sannan ka ce kai cikakken ɗalibi ne a makaranta kaza, ranar ta faɗo cikin jarrabawar ƙarshen zango daga ran kaza zuwa ran kaza, rashin zama jarrabawar zai sa ka maimaita kwas. Ka ce kana roƙon a ɗage zuwa rana kaza, kuma a shirye kake ka yi aikin daga wannan rana har zuwa rana kaza. Ka lissafa takardun da ka haɗa, ka sa hannu da kwanan wata. Shi ke nan.

Kar ka cika ta da kuka, kar ka ƙirƙiro ciwon da babu, kar ka ce ba ka jin Turanci alhali kana jami'a da Turanci. Kar kuma mahaifiya ko mahaifi su buga waya a madadinka. Na san a al'adarmu babba ne ke shiga gaba in magana ta kai ga hukuma, amma a idon kotun nan ɗan shekara 18 baligi ne, da shi take magana. Aikin iyaye shi ne su ɗauki hoton takardar gaba da baya su tura wa yaro a ranar da ta iso.

Mataki na shida: aika, sannan ka bi sawu

Bi hanyar da sammacin ya faɗa. Kotunan tarayya da yawa suna amfani da shafin eJuror, jihohi kuma suna da nasu. In ta intanet ka yi, ɗauki hoton shafin ƙarshe mai nuna an karɓa. In ta gidan waya, biya ɗan ƙarin kuɗin da zai ba ka rasit da shaidar isarwa. In ta tarho, rubuta ranar da sa'ar da ka kira da sunan wanda ya amsa.

Abin da ke biye shi ne ya fi kama mutane: aikawa ba amincewa ba ce. Muddin ba ka ga amsa ba, tsohuwar ranar tana nan daram. In kwana biyar na aiki suka wuce shiru, ka kira ofishin juri da safe, da lambarka a hannu. Ma'aikatan nan irin wannan kira suke amsawa dare da rana, matambayi ba ya ɓata.

In an ƙi, ko lokaci ya ƙure

Ka je. Ka sanar da malamanka a rubuce tun kafin ranar, ka haɗa da hoton sammacin, ka tambayi yadda za a yi da gwajin da za ka rasa. Jami'o'i da yawa suna da ƙa'idar karɓar zaman juri a matsayin uzuri, tana cikin kundin dokokin ɗalibai, in malami ya yi gardama ofishin shugaban harkokin ɗalibai ne wurin zuwa. Ana gobe za ka tafi, da dare, ka kira lambar da ke kan sammacin ko ka duba shafin, domin sau da yawa akan ce rukuninku ba sai sun zo ba.

In ka je, ka riƙe takardunka a jaka. Lokacin da aka shigar da ku ɗakin shari'a domin tantancewa, alƙali yakan faɗi kwanakin da shari'ar za ta ɗauka, ya tambayi ko akwai wanda hakan zai jefa cikin matsi. Nan ne za ka ɗaga hannu, ka miƙe, ka faɗi magana ɗaya tsaf: ina da jarrabawa ranar Laraba da Juma'a, ga jadawalin, ina roƙon a mayar da ni watan Yuni. Alƙalai sun fi sauraron mai rana da takarda a kan mai cewa karatu ya yi masa yawa. In kana da bukatar fita sallar Juma'a ko wurin yin Azahar, a nan ma za ka faɗa, ko ka gaya wa ma'aikacin da ke kula da juri tun da safe. Kafin ka bar kotu ka karɓi takardar shaidar halarta domin malamanka.

Jihohi irin su Kalifoniya da Masacuset suna bin tsarin "rana ɗaya ko shari'a ɗaya": in ba a zaɓe ka a ranar farko ba, ka gama. Kuɗin da ake biya ba wani abu ba ne, kotun tarayya tana ba da dala 50 a rana, Kalifoniya dala 15 daga rana ta biyu. Ƙin zuwa kuwa yana da tsada. A kotun tarayya tara tana iya kai dala 1,000, ko ɗaurin kwana uku, ko aikin al'umma. A Masacuset tarar tana iya kai dala 2,000. In ranar ta riga ta wuce ka ba ka sani ba, kar ka ɓuya. Ka kira ofishin juri washegari ka faɗi gaskiya, galibi sabuwar rana za su ba ka.

Ka kuma kiyayi 'yan damfara. Akwai masu kiran waya su ce daga kotu ko ofishin 'yan sanda suke, wai ka tsallake zaman juri, za a kama ka yau in ba ka biya tara ta katin kyauta ko ta tura kuɗi ba. Baƙi masu tsoron abin da zai taɓa bizarsu su ne abincinsu. Kotu ba ta karɓar tara ta waya. Ka kashe, ka nemo lambar kotun da kanka daga shafinta ka tambaya.

Ga waɗanda ke Ingila da Wels

A can lissafin ya juya, kuma 'yan Najeriya da Gana da Kamaru su saurara da kyau. Ba a bukatar ka zama ɗan Birtaniya. Sharaɗin dokar juri ta 1974 shi ne sunanka yana rajistar masu zaɓe, shekarunka daga 18 zuwa 75, kuma ka zauna a ƙasar aƙalla shekara 5 tun bayan da ka cika 13. 'Yan ƙasashen ƙungiyar rainon Ingila masu izinin zama suna da damar yin rajistar zaɓe, don haka ɗan Zariya da ya yi digirin farko da na biyu a can ya shiga na uku yana iya samun sammaci, kuma ya cancanta in ya cika shekara 5 ɗin a ƙasar. Wanda ya zo digiri na biyu na shekara ɗaya bai cika shekara 5 ba, sai ya amsa ya faɗi haka. Ɗan Nijar ba ya cikin wannan ƙungiya, sai in ya samu takardar zama ɗan ƙasa.

Wa'adin amsawa kwana 7 ne, ta intanet ko ta fom ɗin da aka aiko. Jarrabawa tana cikin dalilan da ake karɓa. Ana ɗage maka sau ɗaya, zuwa wata rana cikin wata 12 masu zuwa, kuma za a ce ka ba da ranaku uku da za ka iya farawa. Aikin yakan ɗauki kwanakin aiki 10, saboda haka kowace rana da ka bayar ta kasance akwai sati biyu sarari a bayanta. Yafewa gaba ɗaya ta fi wuya, sai ka nuna babu lokacin da za ka iya cikin shekarar, ko ka yi zaman juri cikin shekara 2 da suka wuce. In an ƙi, kana iya rubuta wa ofishin da ya aiko sammacin ka ɗaukaka buƙatar. Ƙin amsawa ko ƙin zuwa tararsa tana kai fam 1,000. Sikotland tsarinta daban ne, juri a can mutum 15 ne a shari'ar laifi, wanda ke karatu a can ya bi abin da takardarsa ta ce.

Shi dai ɗan yayata, a daren nan bai kwanta ba sai da ya sauke shaidar rajista daga shafin makaranta, ya ɗauki hoton jadawalin jarrabawa, ya cike fom ina kan waya muna duba kalanda tare. Ya so ya zaɓi hutun Maris, na hana shi, muka ɗauki Litinin ta biyu bayan rufe makaranta a watan Mayu, kafin ya fara aikin gwaji. Ranar Talata amsa ta shigo ta imel an amince. Na sa ya buga ta a takarda ya liƙa a jikin firij, ya kuma sa ƙararrawa biyu a waya, ɗaya saura mako guda, ɗaya ta yammacin Lahadi don ya kira ya ji ko rukuninsu za su je.